Masu Gadin Cikina

Zane ne ya fara gaya mini. Zanen da na saba ɗaurawa har ya yi saura, sai ga shi da ƙyar bakinsa yake kai wa ƙugu. A wani gidan suna a Gangare ina tsaye ina raba waina, wata ƙawata tun ta ƙuruciya ta kalli cikina ta kama baki ta ce, "Malama, ba dai ƙani za a yi wa auta ba?" Mata suka sa shewa. Na taya su dariya, amma da na koma gida Anguwar Rogo na daɗe tsaye a gaban madubi. Shekarata 51 a lokacin, kuma shekara biyu ke nan da al'ada ta ɗauke mini. Wuya ya zurma, zobe yana zamewa daga yatsa, ciki kuwa sai gaba yake yi.

Ni da nake tashi da kwanon gwate ni kaɗai, na koma loma uku na ƙoshi. Fitsari ba ya jira, ina koyar da 'yan aji huɗu sai na fita sau biyu sau uku kafin a tashi tara. Na je kemis aka ce olsa ce. Wani ƙaramin asibiti suka ce taifot da maleriya, aka yi mini allurai. Wata huɗu ina wannan zagaye. Ban riƙe kowa a zuciya ba, domin daga baya na gane haka sankarar ƙwan mace take shigowa, da kumburin ciki da saurin ƙoshi da yawan fitsari da ɗan ciwon mara, abubuwan da kowace mace ta saba da su har ba ta ɗaukarsu ciwo. Shi ya sa yawancin matan da ta kama ba a ganowa sai ta riga ta bazu a cikin ciki.

Ɗiyata ta biyu, wadda ke karatun gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Jos, ita ta tsaya kai da fata sai an yi mini sikanin. Mai hoton yana ta yawo da abin a kan marata, ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya tambaya ko da namiji muka zo. Aka ɗebi jini aka yi wani gwaji mai suna CA-125. A mace mai lafiya ba a so ya wuce 35. Nawa ya haura dubu. Daga nan aka tura mu asibitin koyarwa da ke Lamingo.

Likitar da Allah ya haɗa ni da ita 'yar asalin Filato ce, Hausa a bakinta kamar a Kano aka haife ta. Da ta ce mini ciwon daji ne, mataki na uku, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Likita, ai bara aka yi mini gwajin mahaifa aka ce lafiya lau." Ta ce, "Hajiya, wancan na bakin mahaifa ne. Wannan yana can sama, wancan gwajin ba ya kai wa wurin." Ina so mata su riƙe wannan, domin ni ya rufe mini ido. Har allurar rigakafin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan a 2023, ta sankarar bakin mahaifa ce. Alheri ce babba, na kai jikata an yi mata, amma ba ta taɓa wannan da ta same ni. Likita ta zana mini mahaifa a bayan katina, da bututu biyu hagu da dama, ta nuna ƙarshen bututun inda yake da 'yan yatsu kamar gezar mayafi. Ta ce irin tawa mafi yawa daga nan take farawa, ta faɗa kan ƙwan, daga nan ta watsu.

Ranar da aka zuƙe mini ruwan ciki ba zan manta da ita ba. Aka kwantar da ni, aka soka allura a gefen ciki, roba ta sauka zuwa wata jaka a ƙasan gado. Ina kallo yana ɗiga, rawaya-rawaya kamar zumar da aka tsinka da ruwa. Aka juye jaka aka sake juyewa, har wajen lita huɗu. A karon farko cikin watanni na ja numfashi ya kai ƙasa. Na tambayi nas ɗin, "'Yar nan, duk wannan daga ina?" Ta ce, "Mama, likita za ta yi miki bayani." Aka ɗebi kaɗan a kwalba aka kai ɗakin gwaji.

Mutanen Jos akwai zumunci. Gidana bai rabu da 'yan dubiya ba, wannan da dankalin Turawa daga Farin Gada, wannan da kunun acca a fulas, maƙwabciyata Kirista da muke koyarwa tare kullum sai ta leƙo ta yi mini addu'a a bakin ƙofa. Amma kusan kowa da maganinsa a jaka, kuma maganar ɗaya ce: garkuwar jiki. Yayar maigidana, wadda nake girmamawa kamar uwa, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ai garkuwar jikinki ce ta faɗi. Kin bar kanki, kullum makaranta, ba ci ba hutu. Da jikinki na da ƙarfi ina wannan abu zai samu wurin zama?" Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma maganar ta shige ni kamar ƙaya. Dare ya yi in kwanta ina lissafin shekarun da na yi ina fita ba karin kumallo, ina cewa ni na jawo wa kaina, ni na jawo wa 'ya'yana. Na sayi kwalabe har uku na wasu ƙwayoyi da ake tallarsu a waya, wai masu ƙara garkuwa, kuɗinsu ya kusa albashina na wata. Ga jiƙe-jiƙe a jarka a ƙarƙashin gado.

Tsarin da aka yi mini shi ne kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sau uku, sannan tiyata, sannan kimo sau uku kuma. Magani biyu ne ake sa wa ta jijiya duk bayan mako uku, kaboflatin da faklitaksel. Kafin zagaye na biyu likita ta dubi sakamakon jinina ta tambaye ni me nake sha a gida. Na yi shiru, ɗiyata ta buɗe jakata ta jera mata kwalaben a tebur. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce adadin kaboflatin da ƙarfin ƙodata ake auna shi, duk abin da zai taɓa ƙoda ko hanta wasa ne da raina. Na ce, "To Likita, da me zan tayar da garkuwar da ta faɗi?"

Ta ajiye biro. Ta ce, "Wa ya ce miki ta faɗi? Hajiya, ruwan nan da muka zuƙe miki cike yake da ƙwayoyin garkuwar jikinki. Suna nan da yawansu. Matsalar ita ce wa suke yi wa aiki."

Layi na jiranta a waje, ba ta iya tsawaitawa ba. Ɗiyata ce ta ƙarasa mini a daren nan. Lokacin hunturu ne, irin sanyin Jos da ke shiga ƙashi, mun rufa da bargo ɗaya, ga kaskon gawayi can bakin ƙofa. Na ce mata, "Ki yi mini kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu." Ta yi, kuma abin da na riƙe shi zan faɗa.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wata da ake kira makrofej. Aiki biyu gare ta. Idan ƙwayar cuta ta shigo, ta haɗiye ta, ta kuma yi kururuwa sauran su zo. Idan kuma rauni aka ji, ita ce ungozoma: ta share wurin, ta kwantar da faɗa, ta sa a jawo sababbin jijiyoyin jini domin tsoka ta tsiro. Duk yankan wuƙar da na taɓa yi a kicin ya warke, da hannunta a ciki. To ciwon daji yana fitar da wasu sinadarai da ke kiran waɗannan ƙwayoyi, idan sun iso ya juya su zuwa fuskarsu ta jinya. Sai su ɗauka rauni suka tarar. Su shiga jawo masa jijiyoyin jini, su ba shi abin girma, su riƙa fitar da abin da ke gaya wa sauran sojoji a kwantar da hankali, nan ba fagen yaƙi ba ne. Tun 1986 wani masani a Amurka ya kira ciwon daji raunin da ba ya warkewa, kuma ma'anar ke nan.

Ruwan cikin ma da sa hannunsu. Sinadarin da ke jawo sababbin jijiyoyi, wanda ƙarin da waɗannan ƙwayoyi duk suke fitarwa, yana sa jijiyoyin su riƙa yoyo kamar tsohuwar randa, ga kuma hanyoyin da ruwa ke bi ya fita sun toshe. A cikin ruwan nan ƙwayoyin daji suke iyo. Ta ce an duba da madubin likita an ga suna dunƙulewa, makrofej a tsakiya, su kuma sun kewaye ta kamar 'yan tsaki da kaza, tana ciyar da su har su samu inda za su manne.

Inda suka fi son mannewa kuwa duk matar da ta taɓa aikin naman layya ta san shi. Wannan farin zanen kitse mai kama da raga da ke lulluɓe da hanjin rago, mu ma muna da shi. A jikinsa akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare kamar an yayyafa nono, kuma kowane ɗigo sansani ne na ƙwayoyin garkuwa. Allah ya ajiye su nan su tace ruwan ciki, su kama duk abin da bai dace ba. Ƙwayar daji ta zo, su kama ta kamar yadda aka umarce su, ita kuma ta mayar da wurin gida, ga masu jinya, ga kitse tana ci. Da aka yi mini tiyata, bayan mahaifa da ƙwai biyu da bututansu, har wannan zanen aka cire gaba ɗaya.

Na ce, "Wato da ɗan gari aka ci gari."

Ta ce, "Haka ne, Umma. Amma ɗan garin bai san an ci da shi ba."

Wannan magana ita ta sauke mini kayan da na yi makonni ina ɗauke da shi. Na sha jin masu bayani suna cewa ƙwayoyin sun ci amana, kuma ni ban yarda da wannan kalma ba. Wanda ya ga mai rauni a bakin hanya ya ɗauke shi ya kai ɗaki ya ba shi abinci, ashe ɗan fashi ne, ba za a kira shi maci amana ba. An yaudare shi ta hanyar kirkinsa. Mu da muka zauna a Jos muka ga shekarun da matasa ke kwana suna sintiri a bakin unguwa, mun san mai gadi ba ya tare wanda ya zo da fuskar ɗan gida. Ƙwayar daji kuwa 'yar gida ce ta haƙiƙa, daga tsokata ta fito. A daren nan na ɗora hannu a cikina na yi kuka, kuma ba irin kukan kwanakin baya ba ne.

Akwai waɗanda ba sa yaudaruwa da sauƙi, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T masu kisa. Su ne ke iya gane ƙwayar daji su hallaka ta. A 2003 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka suka duba ƙarin da aka ciro daga mata 186 masu irin ciwona da ya yi nisa. Waɗanda aka samu ƙwayoyin T sun kutsa har cikin ƙarinsu, 38 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda ba a samu ba, ba su kai 5 cikin 100 ba. Na sa ta maimaita mini lambobin sau biyu. Ashe jiki yana faɗa da wannan ciwo, faɗa na gaske, har ana ganin bambancinsa a kwanakin mutum da izinin Allah. Sai dai ƙarin ma bai zauna ba. Akwai wasu ƙwayoyin T ɗin da aikinsu raba faɗa ne, su ne ke hana garkuwa ta afka wa jikin mai ita. A 2004 aka nuna sankarar ƙwan mace tana kiran waɗannan masu sulhu su taru a kanta, kuma inda suka fi yawa mata sun fi saurin rasuwa. Ban da haka, ƙwayar dajin tana iya ɗaga wata alama a jikinta, wadda idan mai kisa ya taɓa ta sai hannunsa ya mutu, kamar direban da aka taka wa birki.

Da na fahimci haka na daina shan kwalaben nan ba tare da an sake roƙona ba. Ko da a ce suna ƙara sojoji, to sojojin wa? Ina cin abinci mai kyau gwargwadon hali, ƙwai da wake da ganye da kifi, domin jiki ya iya ɗaukar kimo ya kuma warke daga tiyata. Addu'a kuwa ban taɓa sakinta ba, maigida yana yi mini tofi safe da yamma. Abin da na bari shi ne zuba wa cikina abin da ban san me ke ciki ba.

Faɗuwar garkuwa ta gaskiya sai a zagaye na huɗu na gan ta. Kimo yana bin duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, shi ya sa gashi ke zubewa, kuma shi ya sa yake taɓa ɓargo inda ake ƙera jini. An gargaɗe mu cewa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa magani fararen ƙwayoyin da ake kira niyutrofil suna yin ƙasa sosai, kuma idan zafin jiki ya kai 38 kada a jira gari ya waye. A kwana na goma, wajen ƙarfe ɗayan dare, sanyi ya kama ni har haƙora na haɗuwa. Maigida ya ce ko maleriya ce, a ba ni farasitamol zuwa safe. Ɗiyata ta sa ma'auni a hammatata ta duba da fitilar waya, ta ce, "Abba, ka yi haƙuri, yanzu za mu tafi." Ya dube ta, ya ɗauki hula ya fita ya buga wa maƙwabcinmu mai mota ƙofa. Na tuna hazo a kan titin Bauchi, da fitilun motar da ba sa ganin nisa, da hannun maigida a kan goshina yana karanta abin da ya sawwaƙa. Kwana biyar na yi a gado ana sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, da wata allura a ƙarƙashin fata da ke zaburar da ɓargo. Ƙasusuwana suka yi ta ciwo, nas ta ce alama ce ɓargon ya tashi aiki. Ranar da lambar fararen ƙwayoyin ta hau, na ji kamar an ce mini 'ya'yana sun dawo daga tafiya.

Babban ɗana da ke aiki a Abuja ya karanta cewa akwai maganin da ke cire wa ƙwayoyin T birkin nan, wanda saboda shi aka ba wani Ba'amurke da wani ɗan Japan, James Allison da Tasuku Honjo, kyautar Nobel a 2018. Ya zo Jos da takardun filinsa, ya ce ko Indiya ce zai kai ni. Muka shiga wurin likita tare. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce maganin gaskiya ne, ya yi abin mamaki a wani dajin fata da na huhu, amma a irin nawa idan aka ba da shi shi kaɗai, kusan mace ɗaya cikin goma ce ƙarinta ke raguwa. Ta ce ƙofofin da ciwon ya kulle suna da yawa, cire birki ɗaya bai isa ba, kuma masana suna ta gwada haɗa shi da wasu. Ta ce masa, "Ka riƙe filinka. Idan ranar da zai yi amfani ta zo, ni zan fara gaya maka." Ɗana ya sunkuyar da kai, na ga hawaye ya ɗiga a kan ambulan ɗin. Har gobe ina yi wa baiwar Allahn nan addu'a saboda wannan gaskiya.

Ita ce kuma ta tambaye ni tarihin gidanmu. Sai na tuna Inna, ƙanwar mahaifiyata, da ta rasu da ƙaton ciki ina budurwa, aka yi ta cewa sammu ne har aka ɓata da wata kishiyarta. Na tuna yayata da ciwon nono ya ɗauke. Likita ta ce akwai wasu ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, da idan suka samu tangarɗa sukan jawo dajin nono da na ƙwai a zuri'a ɗaya, kuma ta wajen uba ma ana gadonsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na tara ƙannena mata uku a ɗakina na gaya musu komai, har abin da ake jin nauyin faɗa. Ƙaramar ta ce, "Yaya, ki daina kira mana." Na ce ba kira nake ba, Inna ba ta samu wanda zai gaya mata ba, ku kun samu. Biyu sun je sun ga likita. Ta ukun ina nan ina binta.

Yau shekara biyu da wata biyar da gama kimo. Gashi ya dawo, fari fat kuma mai laushi kamar na jariri. Tafin ƙafata har yanzu kamar ina taka auduga, an ce aikin faklitaksel ne. Na koma aji. An gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ciwo a mafi yawan matan da ya kai matakina yakan dawo, don haka duk bayan 'yan watanni ina zuwa a duba ni a ɗebi jini. Daren da zan je ba na barci sosai. Nakan yi alwala in yi nafila, in na idar in ɗora hannu a kan tabon da ya taso daga mara har saman cibiya, in roƙi Allah ya buɗe idon masu gadin da ya ajiye mini.

A babbar sallar da ta wuce, da aka farke ragon maigida a tsakar gida, na ce wa mahaucin ya dakata. Na sa ya ɗago mini zanen kitsen nan da hannu biyu ya tare rana da shi. Haske yana ratsa shi, ga 'yan jijiyoyi jajaye sun bi ko'ina kamar saƙar gizo. Jikata ta matso ta riƙe gefen zanena ta ce, "Hajiya, mene ne wannan?" Na ce mata mayafin hanji ne, kowa yana da shi. Ta ce, "Har ke?" Na ce nawa an cire. Ta yi shiru tana kallon cikina, sannan ta miƙa yatsa ta taɓa kitsen, ta ce da ɗumi. Mahauci ya naɗe shi ya sa a roba, na ɗauka na kai wa yayar maigidana da ke zaune a gindin murhu tana jiran a fara suya.